Idon da Ya Rage wa Baba

Likita ya kashe 'yar fitilarsa, ya faɗi gaskiya ba kwana-kwana. Yanar ido ce ta rufe na dama, kuma shi kaɗai ya rage wa Baba mai walda, don na hagu tartsatsin ƙarfe ya cinye shi tun yana saurayi. Za a iya cire madubin idon da ya yi hazo, a sa masa na roba. Amma ga ciwon suga, ga shekaru. In aka yi rashin sa'a, ɗan hasken da yake bambance dare da rana da shi ma zai tafi.

"A yi," in ji Baba.

Babban ɗansa ya saki baki. Wannan fa shi ne tsohon da in ka ce masa asibiti sai ya lalubo sanda. Shekaru ana lallashinsa yana cewa ba mai taɓa masa ido da wuƙa, yau kuma da ake ba shi haƙuri, shi ne yake zumuɗi.

A gida aka yi masa taron dangi. Ɗan ya ce me ya rasa? Matarsa Inna tana jansa zuwa banɗaki, tana kai shi inuwar ƙofar gida, tana sa masa cokali a hannu. Ranar da ta gaza kuma an riga an tsara: shi zai ɗauki Baba, ƙanwarsa ta tafi da Inna garin mijinta.

"Kun raba mu kamar kayan gado ke nan," in ji Baba. "To ido nawa ne, ba na aro ba ne."

Inna kuwa kwanan nan ta zama mafaɗaciya. Jika ya matsar da kujera, sai faɗa. A canza wa tulu wuri, sai gidan ya ɗauki zafi. Ta daina zuwa biki, ta ce tsoho ba ya zama shi kaɗai. Yaran suka ce wahalar jinya ce, kuma suna tausaya mata ƙwarai.

Ranar aiki ba ta bi su ba, ta ce warin asibiti yana tayar mata da zuciya. Baba ya hau gadon tiyata a tsorace. Duk da haka bai bari an riƙe masa hannu ba.

Da aka cire bandeji, sai ya dubi ɗansa sama da ƙasa, ya ce yaushe ya yi wannan tumbin. Aka yi dariya har da hawaye.

Suna isa gida ya kori kowa daga ɗaki, ya tura ƙofa. Inna ta miƙe ta miƙa hannu za ta ja shi kamar kullum. Hannun ya tsaya a iska, can gefen inda yake. Baba ya kama shi, ya ɗora a kafaɗarsa.

"Ba wanda ya sani, kuma ba mai raba mu," ya ce a hankali. "Tun bara na gane ke ma idonki ya tafi, da lalube kike jana. Yau ni zan shiga gaba."