Hoton da Ladan Ya Manta

Ladan yana ta cusa hotuna a murhu. Shekara tara shi da abokansa suna buga ƙwallo a bayan dam ɗin Gubi duk Lahadi, su maza masu son maza, can kaɗai suke sakewa. Jiya aka kama Usama, mai tsaron ragarsu. Yau tarihin ƙungiyar kaf zai zama toka.

Sai ga Inna a bakin madafi. Ya yi sauri ya kare murhun da jikinsa.

"Tsofaffin takardu ne, Inna."

Ta zaro wani hoto daga mayafinta: Ladan ne, ya kwantar da kai a kafaɗar Usama.

"Ka manta wannan. A aljihunka na tsinta wajen wanki, tun shekarar farko." Muryarta ta karye. "Ƙona shi, ɗan nan. Iyakar abin da zan iya yi maka ke nan."