Aljanar Kogin Nukkai

"Baba, karanta harafin da ke kan allon nan," in ji likitar ido.

"Wane allo?" na ce.

'Yata Fadila, wadda ta jawo ni asibitin, ta sunkuyar da kai. Likita ta ce madubin cikin idona ya cika kauri, shi ya sa abin nesa yake zame mini hazo. Wai gado ne.

"Gado kam akwai," na ce. "Ganin aljanu muka gada. Kakana ya gani, ubana ya gani. Tambayi duk unguwar Sintali waye kakana Goni Sada."

"Da sun zo, da su ma na ba su tabarau."

Shekara ashirin, kowace Juma'a da hantsi, nakan ajiye wa wata farar aljana ƙwaryar fura a bakin kogin Nukkai, in juya ba waiwaye. Juma'ar da ta biyo baya na je da sabon tabarau a idona don in ƙaryata likita, in tsare sunan gidanmu.

Sai ga tsohuwa cikin farar rigar coci, ƙafa ba takalmi. Ta matso tana ƙanƙance ido, har hancinta ya kusa taɓa gemuna.

"Kai mutum ne? Wayyo ni Cecilia! Shekara ashirin ina ba da shaida a coci mala'ika yana kawo mini fura. Mamana ma yana ganinsu, gadonmu ne. Don Allah Baba, kar kowa ya ji."

Na cire tabarau na sa a aljihu.

"Wa yake magana?" na ce.