Mai Zanen Motoci da Ɗigon da Ba Shi da Abokin Zama

Zauna ka sha labari, abokina, tunda na ga hannunka na yi maka ƙaiƙayi a kan aikin da ba a ce ka gyara ba. An yi wani mai zanen manyan motoci, gwani na gaske, irin wanda in ya zana zaki a bayan gingimari sai awakin tasha su watse. Doka ɗaya gare shi: abin da ke dama, dole a same shi a hagu. Ɗawisu nan, ɗawisu can. Ran nan wata malamar kimiyya a ƙaramar sakandare ta kira shi ya zana mata atam biyu, na sodiyam da na kulorin, a bangon aji, domin sakataren ilimi zai kawo ziyara, kuma an ce in bangon ya burge shi, duk makarantun ƙaramar hukumar mai zanen za a ba wa. Ta ba shi samfuri, ta yi masa bayani dalla-dalla. Ni da na yi sallama da boko tun ana rabin hanya ma na riƙe shi tsaf, ka ji kai! Atam ƙwaya ce a tsakiya, zobba na kewaye da ita, ɗige-ɗigen da ke kan zobban su ne ilaktaron. Zoben ciki biyu yake ɗauka, na biye takwas, kuma sai na ciki ya cika ake fita waje. Sodiyam: biyu, takwas, sai ɗaya tilo a zoben waje. Kulorin: biyu, takwas, bakwai, da gurbi ɗaya fayau kamar giɓin haƙori. Gogan naka ya ce, "Malama, wanda ya zana zaki da gashin wuyansa, ɗigo ne zai gagare shi? Je ki huta." Ya zuba fenti, zobba suka fito ɗas, ja da shuɗi sai ƙyalli. Ya ja da baya ya duba, sai ransa ya ɓaci. Ɗigo ɗaya can a gefe kamar maraya? Giɓi a aikinsa? Haba! Ya tsoma buroshi ya yi wa marayan abokin zama a ɗaya gefen, ya toshe giɓin kulorin, sannan ya rangaɗa sunansa a ƙasa da baƙaƙen da suka fi atam ɗin girma. Ya rufe bangon da ƙyalle, wai kada kowa ya gani sai gaban manya.

Ranar ziyara aji ya cika maƙil, mai zane ya sha babbar riga yana tsaye kusa da sakatare, yana ta washe baki. Malama ta ɗauki sanda tana rawar jiki, don darasin da ta fi ji da shi ke nan. Ta ce, "Yau za ku ga yadda ake haihuwar gishirin miyarku. Sodiyam zai ba da ɗigonsa tilo, ya faɗa gurbin kulorin, shi ke nan gishiri ya samu." Aka yaye ƙyallen, aka yi tafi raf-raf. Ta kai sanda wajen tilo, ta tarar da tagwaye. Ta kai wajen gurbi, ta tarar an yi masa ciko. Ɗalibai suka shiga ƙirga ɗige-ɗigen sodiyam da ƙarfi, suka dire a goma sha biyu, wata ta ce, "Malama, ai wannan maganiziyam ne aka sa wa sunan sodiyam." Sakatare, wanda ashe tsohon malamin kimiyya ne, ya gyara tabarau ya ce, "Wa ya hana mu gishiri yau?" Mai zane ya matso da fara'arsa: "Ranka ya daɗe, ni ne na ɗan daidaita su. Ba su yi kyau ba?" Sakatare ya ce, "Sun yi kyau ƙwarai. Sunanka ma ya fito sosai, ba zan manta da shi ba." Bai kuwa manta ba. Bangayen makarantu kaf aka ba wa abokin hamayyarsa, mutumin da in ya zana doki sai ka rantse jaki ne, amma abin da aka ba shi, shi yake kwafa. Gwani kuwa ya wuni yana kankare ɗigo biyu da wuƙa, ɗalibai na leƙe ta taga suna kiransa Baba Ba-gishiri.

To, kai ma janye hannunka. Hausawa sun gama magana: garin neman gira, a rasa ido.