Wace Ce Nuriyya?

Da wayar Barira ta ƙi hawa waifai, ta ɗauka wuta aka ɗauke. Ta leƙa shago ta ga fitilun rauta, na'urar da ke raba intanet, suna ta ƙyafta ido kamar kullum. Sai ta buɗe wurin sunayen waifai da ɗanta Mansur ya koya mata. Karatunta bai wuce firamare ba, amma sunanta kam ko a ina ta gan shi ta gane shi. Babu shi. A gurbinsa an rubuta Nuriyya.

Mansur autanta ne. Shagonsa na ƙofar gidansu a Karaye, inda ɗalibai ke rajistar jarrabawa, 'yan kasuwa ke sayen intanet. Da ya kawo babbar rauta irin ta ma'aikatu, ya manna wasu fararen farantai a rufi da katanga don waifan ya kai bakin titi, sunanta ya sa masa. Duk wanda ya buɗe waya a unguwar sai ya ga Barira. Tun rasuwar maigidanta ba ta samu abin tinƙaho kamar wannan ba.

Mutum ɗaya ce sunan yake ba wahala, Sadiya matar Mansur, wadda take zama a teburin shago in ya fita. Mace ba ta kiran sunan uwar mijinta. In baƙo ya tambayi sunan waifai, sai ta sunkuyar da kai ta nuna masa bango da yatsa. Kwanan nan kuma ta tsiri ƙaton hijabi, da tsotsar tsamiya, da gyangyaɗi tsakar rana. Barira ta sa wannan a lalacin yaran zamani.

"Auta, wace ce Nuriyya?"

Mansur ya sosa ƙeya. Sadiya ta miƙe sumui-sumui ta shige gida.

"An ɗan canza ne, Inna. In aka sauya suna sai kowace waya ta sake shiga. Kawo in sa miki."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Za ki san ta, in sha Allahu."

Ta ƙi ba shi wayar. Ita ba za ta shiga ƙarƙashin sunan wata ba.

Da yamma maƙwabciyarta Munawwara ta shigo aron rariya, tana ƙunshe dariya. "Maman Mansur, ashe an sauko da ke daga sama? To, Allah ya sa ba Hajiyar Rogo ce ta haye ba."

Maganar ta sami wurin zama. Hajiyar Rogo tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta buɗe asibitin mata, kuma Mansur ne ya haɗa mata rauta da farantai, yake kula da su. Barira ba ta san sunanta ba, amma ta sha jin muryarta a waya tana cewa "ɗana". Ɗanta! Ita ce ta goya shi zuwa gona? Ita ce ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda? Ga zuma ta aiko, ga ƙwan zabi, wai a ba Sadiya. Aikin da aka gama tuntuni, amma bini-bini sai Mansur ya ce za shi Rogo, har da matarsa yake tafiya. Wato ita ma an kai ta ta gaida sabuwar uwa.

Tuwo ya daina wuce mata. Kullum da safe sai ta buɗe wayar ko Allah zai sa a yi kuskure, kullum Nuriyya na nan a sama, sandunan ƙarfinta cike.

Ta yanke shawara. Za ta je ta ga matar da idonta, sannan ta hana Mansur taka Rogo. Ta san aikin asibitin ne mafi tsoka a hannunsa. Ta kuma san bai taɓa tsallake maganarta ba.

Ranar da suka sake fita, ta yafa mayafinta na unguwa ta bi su a motar haya.

A asibitin ta tarar da mata jere a benci, a gefe wata dattijuwa mai tabarau, da alama ita ce Hajiyar. Suka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da ruwan bana. Barira ta bari gaisuwa ta ƙare tsaf, don kada a ce ba ta da tarbiyya.

"Ni ce mahaifiyar Mansur, wadda ta haife shi. Na zo in ga Hajiya Nuriyya."

Matar ta cire tabarau. "Baiwar Allah, ni Ramatu ce tun ranar sunana."

Labulen ɗakin ciki ya ɗaga. Mansur ya fito, Sadiya na bayansa da hijabinta a hannu. Tana ganin surukarta ta rufe fuska da shi.

Barira ta ce, "Auta, yau sai ka nuna min wadda ka cire sunana dominta. In ba haka ba, ban yarda ka sake zuwa garin nan ba."

Mansur ya durƙusa, idonsa a ƙasa. "Inna, kunya ce ta hana mu faɗa. Sadiya ba ta iya kiran sunanki a shago, a ɗaka ma ba za ta iya ba. Shi ne muka nemo laƙabin da za ta riƙa kira, ni kuma ɗoki ya sa na ɗora shi a waifai."

Sai a lokacin idon Barira ya sauka kan cikin da hijabin ke ɓoyewa: Nuriyya na kwance a ciki, na'urar asibitin ta nuna mace ce, kuma sunan Barira za a raɗa mata ranar suna.