Allurar Ɓera

Tun da aka kawo allurar nan da aka ce ta tsawaita ran ɓeraye kafin a gwada ta kan mutane, aka kuma yi wa Iya Tasalla, ta daina tsufa. Loma biyu ke isarta wuni, jikinta kullum sanyi kamar randa. Ɗanta na fari kuwa ya ƙi allurar. Ya ce shi mai tsire ne, ba zai gasa abin da ba ya marmari ba.

Ran nan ta kai masa kunun tsamiya asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta tare ta.

"Baiwar Allah, wurin wa?"

"Wurin yaron nan."

"Nan ɗakin tsofaffi ne. Faɗi sunansa."

Tasalla ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barin bakinta ya kama sunansa ba.

Wani tsoho marar haƙori ya yi dariya daga gadon ƙurya har da tari. "Ƙyale ta, uwata ce. Ko yanka ta za ki yi ba za ta faɗa ba."

Ta zauna, ta dafa goshinsa.

"Iya, faɗa mini sau ɗaya mana, in ji yadda yake a bakinki. Ni fa na kusa."

Ta buɗe baki, ta rufe. "Sha kununka."

Bai kai la'asar ba.

Da aka fita da makara, ta tsaya ita kaɗai a tsakar gida ta ce, "Isiyaku." Ta sake faɗa. Shekarun faɗar sunan kuwa, tana da su jingim a gaba.