Rariyar da Aka Yaɓe Saboda Muzuru

Zauna tukuna ka sha ruwa. Tun ɗazu kake zayyana mini wahalar da ka sha a kan matsalar nan taka, amma ban ji inda ka ce ka tsaya ka duba tushenta ba. Bari in ba ka misalin wani manomi.

Manomin nan ƙaƙƙarfa ne, aiki ba ya ba shi tsoro ko kaɗan. Abin da bai iya ba shi ne ya tsaya ya yi nazari. Wata bazara muzuru ya addabi 'yan tsakin matarsa, kuma ta rariya yake shigowa, wato 'yar kafar nan da ake bari a gindin katanga don ruwan tsakar gida ya samu hanyar fita. Ran nan mutumin ya fusata, ya cusa dutse a rariyar, ya kwaɓa laka ya yaɓe ta sumul, har ka rantse ba a taɓa yin kafa a wurin ba. Matar ta ji daɗi, ta jera itacen girkinta a gaban wurin. Ya ce in damina ta matso zai buɗe. Damina ta matso, shuka ta ɗauke masa hankali, noma ya biyo baya, maganar rariya ta bi iska.

Ruwan farko ƙasa ta shanye abinta, don da ma da ƙishirwa take. Da marka ta kankama kuwa, sai tsakar gida ta koma kududdufi. Kwaɗi suka tare, sauro ya samu gari, matar ta kwashe murhu ta koma zaure da girki, kullum zani a tattare. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne rumbu, don ɗan geron da zai kai su kaka yana ciki, ga ruwa ya fara lasar duwatsun da rumbun yake zaune a kai. In gindinsa ya jiƙa ya durƙushe, to iyalinsa sun shiga uku. Sai gogan naka ya yanke hukunci cewa gidan ne ya yi kwari, ciko yake so. Ya ɗora wa jakinsa mangala, ya shiga jidar burji daga bayan gari. Ya cike tsakiya, ruwa ya koma ƙofar ɗaki. Ya cike ƙofar ɗaki, ruwa ya zagaya ya nufi rumbu. Ka san ruwa ba ya gardama da kowa, in ka kore shi nan sai ya matsa can ya kwanta. Mutumin ya zargi ƙasar gidan, ya zargi kakansa da ya zaɓi wurin, ya zargi jaki da nawa. Jakin nan har ya kai in ya hango mangala sai ya juya mata baya.

To, a bayan katangar akwai taubashiyarsa, 'yar kawunsa, wadda ba ta ganinsa ta ƙyale shi ba tsokana. Tana kiwon agwagi, kuma kowace damina a ɗan gurbin da rariyarsa ke zubar da ruwa suke wanka. Bana gurbin bai cika ba, sai agwagin suka gano inda ruwa ya koma. Kullum da safe su jero ta zaure, su faɗa tsakar gidansa, ba sa komawa sai an kore su. Da abin ya ishe ta, ta yafa gyale ta biyo sawu, ta tarar da shi cikin taɓo har gwiwa yana sauke mangala. Ta ce, "Sannu da aiki, Sarkin Ruwa. Agwagina sun yi yaji, na zo biko. Tun da ka hana su ruwan rariyarka suka tare a gidanka." Ya buɗe baki zai ce wace rariya, sai ya tuna. Ya dubi matarsa, matar ta dubi tarin itace.

Aka kwashe itace. Sara kaɗan ya yi da fartanya, yaɓen ya zube, ya zaro dutsen da hannunsa. Ruwa ya yi waje a guje kamar awakin da aka kwance, 'ya'yan agwagi suka bi shi ta kafar, taubashiya tana dariya har da riƙe ciki. Kunya ta kama shi, amma daɗi ya fi kunyar yawa, don kafin la'asar duwatsun rumbu sun fito fili, gero ko danshi bai ji ba. Daga baya ya baje burjin nan ya yi masa gangare zuwa rariya, ya kafa 'yan sanduna a bakinta, ruwa ya wuce, muzuru ya tsaya a waje. Sunan Sarkin Ruwa dai ya bi shi, har jikokinsa da shi suka san shi.

Ka ga, ba ƙwazo ya rasa ba, kai ma ba shi ka rasa ba. Kafin ka sake ɗora mangala, je ka ɗaga itacen da ka jera da hannunka, ka ga abin da ka yaɓe a bayansa. Irin wannan aikin ne Hausawa suke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.