Waken Kakar Uwani

Tun da aka kafa dokar iri, shuka ba ta tsirowa sai a gonar da ke da izini. Waken kasuwa na ci ne kawai. Duk da haka Malama Asabe, mai koyar da ilimin halittu a sakandare, ba ta bar al'adarta ba. Kowace shekara sai ta sa ɗalibai su zo da wake, su sa a jiƙaƙƙiyar auduga cikin gwangwanin madara. Ruɓewa yake yi, ita kuma ta zana musu sauran matakan tsiro a allo.

Yau da safe ta tarar sun yi cincirindo a bakin taga. A gwangwanin Uwani, wani farin abu ya fasa ƙwayar ya lanƙwaso.

"Malama, tsutsa ce?" wani ɗalibi ya tambaya.

"Saiwa ce," in ji Malama Asabe. "Uwani, ina kika samo shi?"

"A tsohon tulun kakata, cikin toka. Bayan ta rasu muka gano shi."

Na'urar sa ido ta hukuma da ke jikin silin ajin ta riga ta fara ƙifta jar wuta. In masu duba iri suka iso suka tarar da shi, mahaifin Uwani za su kama.

"Ku matso, ku kalla da kyau," in ji Malama Asabe. Ta bar kowa ya taɓa, sannan ta murƙushe shi da yatsunta.

"Akwai saura a gida?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

Uwani ta girgiza kai. "Da sauran muka yi ƙosan sadakarta."